Ranar Da Na Yi Barci Aka Tsara Mini Shekara Biyar

Na ga saƙonninku, masu cewa na yi shiru da masu zargin ko an ɗaura mini aure ne na ɓoye muku. Ba a ɗaura komai ba. Gajiya ce, irin wadda mutum zai zauna cire takalmi ya tashi ya tarar da ɗaya har yanzu a ƙafarsa. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga ni a taƙaice: ni ce babbar 'ya a gidanmu, ƙannena duk suna makaranta, kuma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba ni nake riƙe da wurin ɗinkinsa. Yunifom muke yi, na 'yan makaranta da na masu gadi da na ma'aikatan asibiti. Tun ina ƙarama Baba yake ce mini Manaja, don in ya tafi da ni wurin aiki nakan ɗare kujerarsa in riƙa ba teloli umarni. Wasa-wasa sunan ya bi ni, yanzu kuma aikin ya biyo sunan.

Shi kuma mutumin, Mai Allo nake ce masa, haka ma na sa shi a wayata. Aikinsa gyara wa kamfanoni tsarin aiki, kuma duk inda ya je da wani farin allo mai naɗewa a but ɗin motarsa. Kawu ne ya kawo shi, ɗan amininsa ne, wai ya duba mana wurin. Ya duba wurin, ya haɗa har da mai wurin. Ba zan yi masa sharri ba, ina son sa. Mutum ne mai tsafta, rigarsa ba ta taɓa sanin yamutsewa ba, in kuma kina magana yakan kife wayarsa a kan tebur ya saurare ki har ki dasa aya. Ku da kuke fama da samarin yanzu kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mama kam ta riga ta aurar da ni a zuciyarta. Kullum da safe in na fito ina ɗaura agogo sai ta kalli wuyana ta yi tsaki, ta ce ƙasusuwan nan har an fara iya ƙirga su, ita ba ta haifi 'ya don dutsen guga ya cinye ta ba. Kawu kuma ba ya fitowa fili ya ce wurin namiji yake buƙata. Sai dai ya gyara zama ya ce wurin yana buƙatar wanda ya karanci abin, sannan ya kalli ƙofa kamar Mai Allo zai shigo a lokacin.

Gaskiya kuma wurin yana cikin wani hali. Muna makara da kaya, kekunan ɗinki suna ta ciwo ɗaya bayan ɗaya, makarantu biyu sun bar mu sun koma wani wuri. Ni ce mai sayo yadi, ni ce mai amsa waya, ni ce mai ba da haƙuri, in mai guga bai zo ba ni ce mai guga. Da na zayyana wa Mai Allo duk wannan na ɗauka zai ce a sayi sababbin kekuna. Sai ya ce abin da muke buƙata da farko jimla ce guda ɗaya, jimlar hangen nesa, wadda za ta faɗi inda wurin ya dosa, ta yadda duk canjin da za a yi sai a gwada shi da ita a ga ko ya dace. Na yi dariya na ce janareto yana tari shi yana maganar jimla. Bai ji haushi ba. Ya ce in ba mu san kalar rigar da muke son ɗinkawa ba, duk gyaran da muka yi faci ne a kan faci. 'Yar tela ce ni, wannan na gane shi, na ce ya sa rana a yi taron.

Taron ya faɗo a ƙarshen makon da muka kai kayan wata babbar makaranta, makon da na yi shi a tsaye ina guga ina ninki ina cusawa a leda. Da safen na zura doguwar riga ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na lafta hoda a ƙarƙashin idona don in rufe baƙin da ya taru. A ɗakin yanka aka zauna. An share dogon teburin, an ture ƙyallaye gefe, kwalayen awo suna rataye a ƙusoshinsu, warin man keke da sitaci ya cika ko'ina, fankar sama tana kukan nan nata da kowa ya saba da shi. Teloli sun zo, matan da ke sa maɓalli sun zo da kwalliyarsu, direba ya zo, Mai Yanka ya zo da tef a wuya kamar kullum. Kawu ma ya zo, aka ɗauko masa kujerar Baba daga ofis.

Mai Allo ya kafa allonsa ya faɗi dokokinsa. Kowa zai rufe ido, ya ɗauka shekara biyar sun wuce, ga shi da safe a bakin ƙofar wurin nan zai shiga. Me ya gani, me ya ji, wa ya gaishe shi. Ba a buɗe ido sai shi ya ce a buɗe. Daga nan kowa zai faɗi nasa, shi yana rubutawa, a ƙarshe a matse duka a cikin jimlar da za a iya faɗa da numfashi ɗaya. Doka ta ƙarshe kuma, shugaba shi ke magana a ƙarshe, don kada ma'aikata su ji nasa su yi ta maimaitawa. Har na ji daɗin wannan, na ce a raina ina da lokacin yin tunani.

Na rufe ido. Muryarsa ta yi ƙasa, a hankali, yana cewa ga ƙofar nan, ga kwaɗon, ku tura ta. Na ga ƙofar. Na ga kwaɗon.

Tafi ne ya tashe ni.

Jama'a, kaina a kan teburin yanka yake, an ninke kwat ɗin Mai Allo an sa mini a ƙarƙashin kunci, gefen mayafina ya jiƙe da abin da ba sai na faɗa ba. Rana ta yi sama sosai. Robobin ruwa duk an shanye, allon ya cika da rubutu, a tsakiya kuma an zagaye jimla da jan alƙalami: mu zama wurin da kowace babbar ma'aikata za ta fara tunawa da shi in tana son yunifom mai kyau a kan lokaci. Matan maɓalli suna ta ƙunshe dariya a cikin mayafi. Na gyara zama na yi tafi tare da kowa, don ban san me kuma zan yi da hannuwana ba.

Bayan an watse Mai Yanka ya ba ni labari yana nannaɗe tef ɗinsa, bai yarda mun haɗa ido ba. Tun ana mutum na biyu suka lura. Da aka zagayo kaina shi Mai Yanka ya miƙa hannu zai ƙwanƙwasa teburin, sai Mai Allo ya ɗora yatsa a baki ya ce a bar ta, ta fi kowa buƙatar wannan barcin. Kawu ya ce to shi zai yi magana a madadin gida. Kawun da in aka ba shi zare da allura sai ya nemi tabarau ya kuma nemi wanda zai zura masa. Shi ya faɗi inda wurin Baba zai kasance nan da shekara biyar, aka rubuta, aka tafa.

Kunya ta kama ni, ba zan musa ba. Amma tunda na saba faɗa muku har abin da ba shi da daɗin faɗa, ga wanda ya fi kunyar: barcin nan ya yi mini daɗi. Rabona da irinsa tun Baba yana kan ƙafafunsa. Na farka na tarar an yanke komai ba tare da ni ba, rufin bai faɗo ba, sai na ji wani sanyi a ƙirjina. Wannan sanyin shi ya tsorata ni.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mama ta tare ni tun daga falo da kofin shayi, abin da ba ta saba ba, ta ce to kin gani, jikinki ma ya faɗa miki gaskiya tunda ni kin ƙi jin tawa. Nan ta sanar da ni abin da suka tsara da Kawu. Ranar hutu mai zuwa za a zauna a gaban Baba, ni zan karanta jimlar don a san gida ya amince, daga nan Mai Allo ya shiga gyare-gyare. A zaman nan kuma Kawu zai faɗa masa ya turo manyansa. Na ce Mama ai abubuwa biyu ne daban. Ta ce a wurinta ɗaya ne, kuma in sha shayin kafin ya huce.

Tsakiyar mako muna cikin cunkoso ni da direba, bandir-bandir na yadi sun danne ni a kujerar baya, na ciro waya na rubuta masa.

"Kai ma ka rufe ido ranar?"

"Mai gudanarwa ba ya rufewa. Wa zai kula da masu barci?" Ya haɗo da fuskar dariya.

"To rufe yanzu, in ba tuƙi kake ba. Shekara biyar. Me ka gani?"

Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake, ya daina. Can sai ga saƙon murya, dogo. Na sa abin ji a kunne.

Ya ce ya ga an ɗora bene a kan ginin. Ya ga injunan da ke saƙa tambari da kansu, da motoci uku masu ɗauke da sunan wurin. Ya shiga, kowa yana gaishe shi, ya wuce ofishin nan mai taga da ke kallon tsakar wurin ya zauna, ga hotonmu a kan tebur. Da yamma kuma sai ga motata ta tsaya, na ɗauko yara daga makaranta mun biyo mu gaishe shi. Ya ce ya ga kumatuna sun ciko, babu baƙi a ƙarƙashin idona, hannuna ya yi laushi don ban sake riƙe dutsen guga ba. A nan muryarsa ta ɗan karye. Ya ce ranar da ya ga kaina a kan teburin yanka ya yi wa kansa alkawarin ba zan ƙara gajiya irin wannan ba.

Na saurara, na mayar, na sake saurara har muka fita daga cunkoson. Na yi ta neman mugunta a ciki don in samu abin riƙewa in yi fushi, ban samu ko ɗigo ba. So ne zalla. Sai dai ofishin nan mai taga na Baba ne, kuma a hoton da ya zana ni baƙuwa ce mai biyowa gaisuwa da yamma. Na rubuta doguwar amsa na goge. Na rubuta gajera na goge. A ƙarshe na tura masa, "Na ji."

"Shi ke nan?"

"Ina hanya."

Da na koma gida na shiga ɗakin Baba da abin yanke farce. Yana kishingiɗe a gadon nan mai ɗagawa, hannun daman a kan matashi, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa. Maganarsa yanzu kalma ɗaya ce ko biyu, su ma sai da wahala. Na zauna ina yanke masa ina ba shi labarin komai, har da barcin, har da kwat ɗin. Na ɗauka zai matse hannuna ko ya girgiza kai, wani abu dai da zan riƙe in ce ga abin da Baba yake so. Na karanta masa jimlar daga wayata a hankali, na ɗago in ga fuskarsa. Ya yi barci, baki a buɗe. Na ce ashe abin gado ne. Na ja masa bargo na fito, babu wanda zai ɗauke mini wannan.

Ranar zaman Mama ta canja labulen falo, ta fito da kofunan gilashin da ke zaman kabad tun ina firamare. Ita ta zaɓa mini kaya, doguwar riga ruwan jinin kare mai duwatsu a wuya, da mayafi mara nauyi, ta tsaya a kaina sai da na sa janbaki. Aka turo Baba a kekensa na marasa lafiya aka ajiye shi kusa da taga. Kawu ya mamaye doguwar kujera. Mai Allo ya zo da yamma cikin fararen kaya, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, ya durƙusa ya gaida Baba ya gaida Mama. A hannunsa akwai firam, an buga jimlar da manyan haruffa an sa mata gilashi, saura a rataye.

Bayan an sha lemo an taɓa hira, Kawu ya karɓi firam ɗin ya miƙo mini, ya ce Manaja, tashi ki karanta mana a wuce wurin, akwai magana mai daɗi a gaba. Na tashi. Firam ɗin ya fi yadda na zata nauyi. Na kalli rubutun, jimla ce mai kyau, babu abin da ta yi mini. Da na karanta ta da tuni an gama, in samu barcin da nake nema har in gaji da shi. Wallahi sai da na buɗe baki.

Abin da ya fito shi ne, ba zan iya karantawa ba tukuna, don taron bai ƙare ba. An ce shugaba ke magana a ƙarshe, ni kuwa ban yi tawa ba. Kawu ya ce ai shi ya yi a madadina, me ya rage. Na juya wurin Mai Allo.

"A tsarinka, ana rufe ido a madadin wani a gano masa?"

Ya san abin da Kawu yake so ya ce, ya kuma san amsar da za ta fi masa sauƙi.

"A'a," ya ce. "Ba a yi. Kuskurena ne."

Kun ga abin da ya sa nake son sa, kun kuma ga abin da ya sa lamarin yake da wuya. Na miƙa masa firam ɗin na ce to ya gudanar, a nan, yanzu. Mama ta ce ƙasa-ƙasa, kada dai ki sake ɓingirewa a gaban mutane. Na ce a tsaye zan yi.

Na rufe ido. Ya gyara murya ya koma muryar aikinsa. Shekara biyar sun wuce, ga ki a bakin ƙofa da safe. Me kika gani?

Na ga kwaɗon, kamar wancan karon, sai dai yau na ga makullin a hannuna yake. Na faɗa. Na ce na shiga, akwai mai guga kuma ba ni ba ce, akwai mai amsa waya, akwai mai sayo yadi, kowa da nasa. Na ga yaran ƙananan makarantun nan da Baba ya fara da su sun yi layi a tsakar wurin ana auna su, Mai Yanka yana yi musu faɗa su daina motsi. Na ga kayan manyan ma'aikatu ma, an ninke an jera tun kafin ranarsu. Na ce na wuce ofis mai taga na zauna a kujerar Baba, an sake mata katifa don waccan ta lotsa. Kafin rana ta faɗi na rufe na tafi gida na kwanta, babu yadi a kujerar bayan mota.

Ina faɗa ina jin abin yana fitowa daga inda ban san yana nan ba. Na ce Mama, gaskiyarki, na gaji, na gaji har cikin ƙashi. Amma aikin mutum huɗu ne ya gajiyar da ni. Kujerar ba ta yi mini komai ba, kuma ba na so a ɗauke mini ita da sunan hutu.

Na ji Mama ta ja dogon numfashi, na ji Kawu ya ajiye kofi da ɗan ƙarfi. Daga wajen taga na ji wani ƙwas-ƙwas, hannun Baba mai lafiya yana bugun ƙarfen kekensa. Ko yarda ce, ko faɗa, ko ƙuda yake kora, ban sani ba, idona a rufe yake.

Sai Mai Allo ya yi magana, kuma ba da muryar aiki ba.

"Ni fa? Ina nake?"

Ban yi masa ƙarya ba, don shi ma bai yi mini ba. Na koma ciki na neme shi da gaske. Na duba ofis, ni kaɗai ce. Na leƙa ɗakin yanka, na bi layin kekuna, na duba tsakar wurin a cikin yaran. Ina so in same shi. Sai da na juya na kalli hanyar da na shigo, na hango shi da fararen kayansa, allon a hammata, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa.

"Kana bakin ƙofa," na ce. "Ban sani ba ko za ka yarda ka shigo a haka."

Na ji ƙarar gilashin firam ɗin da aka kwantar a kan tebur. Na ji kujera ta yi ƙara, ya miƙe. Takunsa a kan kafet ba ya nuna inda ya nufa, ƙamshinsa kuma ya riga ya cika falon, ba zan gane ko matsowa yake ko nisa ba. Mama ta kira sunana a hankali, ban motsa ba. Dokarsa ce ba a buɗe ido sai ya ce a buɗe, na kuma riga na karya masa taro sau ɗaya. Na tsaya a tsakiyar falon, ina jira ya ce.